Katangar tsaro a buro: a kunna tarewa tun yau, ko a fara da sauraro?

Lawali:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan. Ni ke kula da rezon wani buro na ƴan kasuwa a nan Maradi, masu sayar da kayan masarufi a sari. Akwai kwamfutoci wajen ashirin da biyar, da kyamarori a sito, ga wayoyin ma'aikata da na baƙi, duk a kan rezo ɗaya. Katangar tsaronmu, wato abin da ke tace zirga-zirga tsakanin rezonmu da intanet, manhajar pfSense ce a kan wata tsohuwar kwamfutar tebur. Alhajin da nake yi wa aiki ya ji labarin wani abokin cinikinsa da aka kulle wa fayilolin lissafi gaba ɗaya aka ce sai ya biya fansa, tun daga nan hankalinsa bai kwanta ba. Umarnin da ya ba ni shi ne in sa abin da zai tare duk wani ɗan kutse. To cikin manhajojin gano kutse, Snort zan ɗauka ko Suricata? A gefen WAN, wato ɓangaren intanet, zan ɗora shi ko a gefen LAN, wato rezon cikin gida? Kuma in kunna tarewa nan take kamar yadda yake so?

Mamman Tasawa:
Wa alaikumus salam. In dai zaɓi tsakanin biyun nan ne, ɗauki Suricata. Snort ɗin da ke cikin pfSense na tsohon jerin 2.9 ne, ko furosesarka na da rassa huɗu, reshe ɗaya zai ɗora wa kayan duka. Suricata kuwa tun fitowarsa a 2010 an gina shi ne ya rarraba aiki. Snort 3 ya gyara wannan, amma ba shi ne a pfSense ba. Sai dai ni ina da ja a kan maganar tun daga tushe, bari masana su fara amsa maka tukuna.

Hadiza:
Lawali ƙanena, amsar tambayarka ta uku ita ce a'a, kuma ita ta fi sauran muhimmanci. Kada ka kunna tarewa yau. Amma bari in fara da ta biyu, don a nan mutane da yawa ke ɓata ƙarfinsu.

Ka ɗora shi a LAN. Dalili na farko: pfSense tun daga shigarwa yana watsar da duk abin da ya zo daga waje wanda ba wani na ciki ne ya nema ba. In ka sa Suricata a WAN, yana ganin fakiti, wato guntun bayanan da ke tafiya a rezo, kafin dokokin katanga su taɓa shi, don haka zai cika maka allo da gargaɗi a kan masu lalube daga ko'ina a duniya, waɗanda dama katanga za ta yar da su ko da babu shi. Za ka ga ɗaruruwan layuka ka ɗauka ana yaƙi da kai, alhali ba abin da ya shigo. Dalili na biyu ya fi wannan ciwo. A WAN abin da ke fita ya riga ya bi ta NAT, ma'ana kwamfutar akawu da wayar direba da kyamarar sito duk sun koma adireshi ɗaya. Gargaɗi zai ce maka wata na'ura a gidanka na magana da sabar ɓarayi, amma ba zai faɗa maka wacce ba. A LAN kuwa za ka ga 192.168.1.37 ƙiri-ƙiri, ka tashi ka je teburin mai ita. Maigadin da ke tsaye a bakin titi yana ganin duk mai wucewa, amma wanda ke zaune a zaure shi ya san wa ya fita daga gidan da abin da ya ɗauka.

Sai in kana da wata ƙofa da ka buɗe da hannunka zuwa ciki, kamar sabar lissafi da ake shiga daga nesa. Ko a nan ma, abin da ya wuce katanga zai bi ta LAN, za a gan shi.

Lawali:
Na gode Yaya Hadiza. Ƙofa ɗaya ce a buɗe, 3389, Alhaji na shiga kwamfutar lissafi da ita in ya yi tafiya Kano ko Yamai. Haka na tarar da ita.

Hadiza:
Rufe ta kafin ka taɓa Suricata ma. Ƙofar RDP ɗin nan, ta shiga kwamfuta daga nesa, in tana a buɗe ga duniya, tana cikin manyan hanyoyin da masu kulle fayiloli ke shigowa, suna ta gwada kalmar sirri dare da rana har su dace. pfSense na da OpenVPN a ciki, ana iya ƙara WireGuard, duka biyun VPN ne, wato hanya a kulle ta shiga rezon buro daga nesa. Ka sa wa Alhaji ɗaya a waya da kwamfutar tafiyarsa, ya fara shiga ta nan sannan ya buɗe lissafinsa. Wannan aikin yini ɗaya ya fi duk abin da za mu tattauna a ƙasa kare shi daga abin da yake tsoro.

Mamman Tasawa:
Yawwa, Injiniya ta share mini hanya. Ga jan da nake da shi. Wannan abu na gano kutse an ƙirƙiro shi ne a zamanin da zirga-zirgar intanet take tsirara. Martin Roesch ya rubuta Snort a 1998, lokacin kowa na iya karanta abin da ke cikin fakiti. Yau fa? Kusan duk shafin da ma'aikatan Lawali za su buɗe HTTPS ne. Suricata na ganin fakiti na wucewa amma cikinsa a kulle yake. Dubban ƙa'idojin da ke neman wata kalma a cikin fakiti ba su da abin kamawa. Tun da TLS 1.3, sigar tsarin da ke kulle HTTPS, ya fito a 2018 har takardar shaidar sabar ma a ɓoye take tafiya. To me ya rage?

Na biyu, kuma wannan ba wanda ke son faɗinsa: in ƙwayar cuta ta shigo ta kilen USB, wanda a burorinmu nan shi ne babbar hanya, ta fara yaɗuwa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, wannan zirga-zirgar ba ta bi ta katanga sam. Ta cikin suwic take wucewa. WannaCry a watan Mayun 2017 ta ƙofar 445 ta riƙa tsallakawa, kuma Microsoft ya riga ya fitar da gyaran tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su ta ci. Ni da a ce ni ne Lawali, kuɗin da lokacin zan zuba a kan sabunta Windows, da cire manhajojin sata, da ajiye kwafin lissafi a faifan da ake cirewa a kulle a durowa.

Mushe Isufu:
Mamman, duk abin da ka lissafa a ƙarshe gaskiya ne, kuma in za a jera ayyuka su ne a gaba. Wanda ba shi da kwafin ajiya da ba ya jone da rezo, ba shi da komai, ko da wace irin katanga ya mallaka. Amma ka yi saurin yanke hukunci a kan cewa ba abin da ya rage.

Kulle ciki bai ɓoye inda aka nufa ba. Adireshin da na'ura ke kira a fili yake. Tambayar DNS ta gargajiya, wato neman adireshin shafi ta sunansa, a fili take. Sunan shafin da ake nema a farkon gaisuwar TLS, wanda ake kira SNI, a mafi yawan lokuta har yanzu a fili yake. Yadda manhaja ke jera gaisuwar tata ma yana da zane nasa, Suricata na iya lissafa shi da abin da ake kira JA3, kuma wasu ƙwayoyin cuta ana gane su ta nan. Ita ƙwayar da ka ce ta shigo ta kile, ai ba zama take yi shiru ba. Sai ta kira uban gidanta a waje don karɓar umarni ko tura abin da ta sata, kuma wannan kiran dole ya bi ta katanga. A nan ake kama ta. Shi ya sa nake gaya wa yara cewa a buro irin na Lawali amfanin Suricata na farko shi ne ya nuna maka wace na'ura ce a cikin gidanka ta riga ta kamu.

Maganar suwic kuma kai ka ba da hujjar raba rezo. In ya sa kyamarori a VLAN ɗinsu, wato ɓangaren rezo na daban, baƙi a nasu, lissafi a nasa, to duk mai son tsallakawa daga wannan ɓangare zuwa wancan sai ya bi ta pfSense, a gan shi, a kuma iya hana shi da dokar katanga zalla.

Mamman Tasawa:
Mushe, ranka ya daɗe, na yarda da rabin. Amma DNS ɗin ma ai burawuzoji sun fara tura shi ta cikin HTTPS.

Mushe Isufu:
Sun fara. Ana rage wannan ta tilasta wa kowa amfani da DNS ɗin pfSense, a toshe ƙofofin DNS, 53 da 853, zuwa waje, a kuma kashe wancan zaɓin a burawuzojin buro. Ba ya toshe kowace kafa, amma yana mayar da abu mai yawa inda ido zai kai.

Nasiru:
Salamu alaikum manya. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ina bin zancen tun daga sama. Ba za a iya buɗe HTTPS ɗin a katanga ba? Na karanta cewa ana sa furoksi a tsakiya, a girka takardar shaida ta buro a kowace kwamfuta, sai katanga ta buɗe ta duba ta sake kullewa. Da haka ai matsalar Malam Mamman ta kau.

Hadiza:
Ana yi Nasiru, manyan kamfanoni na yi. Amma ka dubi abin da kake ɗauka wa kanka. Daga ranar da ka yi haka, kalmar sirrin bankin kowane ma'aikaci da saƙon imel ɗinsa suna wucewa a buɗe ta cikin tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin Lawali. Wanda ya kama wannan kwamfutar ya kama kowa. Sannan manhajojin waya da yawa, musamman na banki, ba sa karɓar takardar shaidar da ba tasu ba, sai su ƙi aiki kawai. WhatsApp kuma tun 2016 a kulle yake daga waya zuwa waya, ko ka buɗe rigar waje ba za ka ga saƙon ba. Wayoyin baƙi fa, wa zai girka musu takardar?

Mushe Isufu:
In ƙara a kan na Hadiza. Akwai amana, akwai kuma doka. Nijar na da dokar kare bayanan mutane da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2019. Ko rajistar Suricata ta yau da kullum tana nuna wa ya buɗe wane shafi da ƙarfe nawa. Lawali, ka gaya wa Alhaji a sanar da ma'aikata a rubuce cewa ana lura da rezon buro saboda tsaro. Kai kuma abin da idonka ya gani a can wanda bai shafi tsaro ba, ya tsaya a cikinka. Na san inda mai kula da rezo ya mayar da rajista abin tsegumi, mutane suka daina yarda da shi, suka koma jona kwamfutocin buro da wayoyinsu. Daga nan katangar ba ta ƙara ganin komai ba.

Lawali:
Na ji Mushe, in sha Allah. Yaya Hadiza, ki dawo kan maganar tarewa. Alhaji zai tambaye ni me ya sa na sa abu ban kunna shi ba.

Hadiza:
To. A pfSense hanya biyu ce, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne.

Ta farko, wadda suke kira Legacy, Suricata kwafin fakiti yake dubawa. In ƙa'ida ta kama wani abu, sai ya ɗauki adireshin ya jefa a wani tebur na katanga mai suna snort2c, daga nan duk wata magana da wannan adireshin ta yanke. Ka lura, ba fakitin da ya yi laifi kaɗai ba, adireshin gaba ɗaya. Kuma kusan kowane gargaɗi tarewa yake zama, har wanda na sanarwa ne kawai. Yanzu ka tuna cewa shafuka masu ɗimbin yawa suna zaune a bayan adireshi ɗaya na kamfanoni irin su Cloudflare. Na taɓa zuwa wani buro da aka kunna wannan da yamma aka tafi gida. Da safe akawu ta buɗe shafin da take tura kuɗi wa masu kawo kaya, sai ƙwallon nan yake ta juyawa, motar kaya na tsaye a bakin sito, direba na jiran shaidar biya. Abin da ya jawo shi ne wata ƙa'ida ta rukunin sanarwa da ta ga wata manhaja na neman sabuntawa. Kafin azahar mai buron ya ce a cire abin gaba ɗaya, kuma har yau ba a mayar ba. Wannan ita ce asarar da nake guje maka. In ka toshe wa Alhaji ciniki sau ɗaya, ba zai sake yarda da kalmar Suricata ba.

Ta biyu, Inline, fakitin da kansa ke bi ta cikin Suricata ta hanyar netmap kafin ya wuce. A nan sai ƙa'idar da ka mayar da ita daga gargaɗi zuwa yarwa da hannunka ce za ta tare, kuma abin da ya yi laifin take yarwa, ba ta rufe adireshin gaba ɗaya. Ita ta fi tsabta, amma tana da sharuɗɗa a kan katin rezo.

Abin da za ka yi: kunna shi a sauraro kawai, yana gargaɗi ba ya tarewa, na mako biyu ko uku, har ƙarshen wata ya shigo ciki, don lokacin biyan albashi da rufe lissafi ake amfani da abubuwan da ba a taɓawa sauran kwanaki. Kullum ka zauna da shafin gargaɗi. Duk wanda ka gani ka tambayi kanka, wace na'ura ce, me take yi, halal ne ko a'a. Bayan nan ka mayar da rukunin da ka amince da shi zuwa yarwa, ɗaya bayan ɗaya. Alhaji kuma ka ce masa kana tantance ma'aikatan gida ne kafin ka ba da izinin kamu, ɗan kasuwa ne, zai gane.

Lawali:
Ƙa'idojin fa? Na ga jerin yana da tsawo, na yi niyyar in zaɓi duka.

Mamman Tasawa:
Kada ka soma. Ka ɗauki jerin ƙa'idojin ET Open, kyauta ne, ana sabunta shi kusan kullum. Na Snort na masu rajista kyauta suna zuwa ne bayan kwana 30 da na masu biya, kuma wasunsu Suricata ba ya iya karanta su. A cikin ET Open ka fara da rukunin malware, da na botcc, da na coinminer, da na exploit, da na phishing. Rukunin info da policy su ne masu surutu, za su gaya maka wani ya buɗe Dropbox. Ƙa'idojin sabar yanar gizo kuma ba ka da sabar, me za su kare? RAM kawai za su cinye.

Hadiza:
Ka ga mai ja ya fi kowa sanin jerin. Daidai ne abin da ya faɗa. Ƙari ɗaya: akwai gargaɗin da injin Suricata ke yi da kansa, waɗanda ke farawa da SURICATA STREAM, lambobinsu na farawa da 2210. A layukanmu da fakiti ke ɓacewa ana sake turowa, waɗannan za su yi ta zuba kamar ba gobe, kuma mafi yawansu ba kutse ba ne, rashin ingancin layi ne. Kashe rukunin. Ka kuma bambance abu biyu: kashe ƙa'ida gaba ɗaya, da yi mata shiru a kan na'ura ɗaya. In ƙa'ida na da amfani amma firinta ce kawai ke tayar da ita, yi mata shiru a kan adireshin firintar, ka bar ta tana aiki a kan sauran. Kuma ka rubuta dalilin a gefe, don bayan wata shida kai da kanka ba za ka tuna ba. Ka duba HOME_NET ma, wato jerin adireshin gida a saitin Suricata, ka tabbata duk rezon cikin gida na ciki, don yawancin ƙa'idoji da shi suke gane wane ne na gida wane ne bare.

Sani mai siber:
Ina wuni jama'a. Ni a Sabon Gari nike, MikroTik gare ni, da shi nike saida tikitin wifi. Wanga abu na shiga cikinshi?

Mushe Isufu:
Lafiya lau Sani. RouterOS, tsarin da ke tafiyar da na'urar rezo ta MikroTik, ba shi da irin wannan injin a cikinsa. Abin da ake yi shi ne a ajiye wata kwamfuta daban mai Suricata, a tura mata kwafin zirga-zirga, ko ta ƙofar madubi a suwic ko ta TZSP da MikroTik ke iya aikawa. Gani za ta yi, ba tarewa ba, sai in an haɗa wani ɗan shiri da zai riƙa sa adireshi a jerin toshewa. Amma kai abin da ya fi damuna da naka shi ne Winbox, manhajar da ake saita MikroTik da ita. A 2018 an gano ramin da ke ba mutum damar kwashe kalmomin sirri ta ƙofar 8291 ba tare da ya shiga ba, an gyara a 6.42.1, amma na'urori da yawa sun kamu kafin nan, wasu ma an sabunta su ba a canza kalmar sirrin da aka riga aka sace ba. Duba sigar da kake kai, ka canza kalmar sirri, ka hana 8291 daga waje da kuma daga gefen masu sayen tikiti.

Sani mai siber:
Madalla Mushe, yanzun nan zan duba.

Nasiru:
Yaya Hadiza ta ce Inline na da sharuɗɗa a kan katin rezo. Waɗanne ne?

Hadiza:
Netmap ya fi jituwa da katunan Intel, waɗanda pfSense ke nunawa da igb ko em ko igc. Katin Realtek da ke zuwa a jikin yawancin tsofaffin kwamfutocin tebur, wanda zai fito da re0, shi ne ke yawan tsayawa cak in kaya ya yi nauyi. Kati mai ƙofa biyu ko huɗu na Intel, ko na hannu ne, ya wadatar. Sannan dole a shiga saitin pfSense a kashe ayyukan da kati ke yi a madadin furosesa, wato checksum da TSO da LRO, a sake tayar da na'urar. In ba haka ba Suricata zai riƙa ganin fakitin da ba su yi kama da abin da ke kan waya ba. In layin waje PPPoE ne, Inline ba ya aiki a kansa, wanda ƙarin dalili ne na zama a LAN. In kuma an yi VLAN, a kan katin uwa ake ɗora shi.

Mamman Tasawa:
Ku ƙara da abin da littattafan Turawa ba sa faɗa. Zafin Afrilu da Mayu a Maradi ya wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Suricata na sa furosesa aiki ba hutu, kuma yanzu intanet ɗin buro gaba ɗaya ta cikin wannan akwatin take bi. In ya mutu, kowa ya tsaya. A ɗaga shi daga ƙasa, a riƙa hure shi, a sa masa batirin riƙe wuta. Kuran na ɗaukewa yana cikin rubuta rajista, in an girka shi a kan tsarin faifai na UFS wata rana ba zai tashi ba, ZFS ya fi jure wannan. RAM kuma ni ba na sa ƙasa da giga 8, don in an kunna sabunta ƙa'idoji ba tare da tsayawa ba, yana riƙe tsofaffi da sababbi a lokaci ɗaya. A sa iyaka ga girman rajista, in ba haka ba faifai zai cika.

Lawali:
Jama'a na dawo. Na rufe 3389, VPN na aiki a wayar Alhaji. Na ɗora Suricata a LAN a sauraro da rukunan da Malam Mamman ya faɗa. Da farko shiru, har na yi zaton bai tashi ba, sai na gwada shafin gwajin nan da ke mayar da uid=0(root) bayan na kunna rukunin attack_response, gargaɗi mai lamba 2100498 ya fito, na san yana gani. Yanzu ga abu biyu da nake ta gani. Kwamfutar da ke ofishin sito tana tayar da ƙa'idar coinminer, tana kiran wani adireshi a ƙofar 3333, har da dare bayan an tashi. Na je na taɓa ta, fankarta na ta kuka, ba kowa a kanta. Na biyu, akwatin da ke naɗar hoton kyamarori yana ta ƙwanƙwasa ƙofar 23 a adireshi daban-daban na waje, ba iyaka.

Hadiza:
Duka biyun na gaske ne, ba gargaɗin banza ba. Ta farko ana haƙa wa wani kuɗin kirifto da wutar Alhaji, galibi Monero ne, kuma yawanci ta manhajar sata ko abin kunna Windows na bogi yake shigowa. Cire ta daga rezo yanzu. Kada ka tsaya a goge abin da ka gani, wanda ya iya sa wannan ya iya sa wani. Kwashe takardun aiki, ka sake girka ta daga tushe, kuma duk kalmar sirrin da aka taɓa bugawa a kanta a canza.

Akwatin kyamara kuma alamar dangin Mirai ce, wadda tun 2016 take kama kyamarori da akwatunan naɗi masu kalmar sirrin kamfani, ta sa su neman wasu ta 23 da 2323. Zare masa wayar rezo tukuna, sannan ka kashe ka kunna, don irinta a RAM take zama, ka canza kalmar sirri kafin ka mayar, ka duba ko akwai sabuntawa. Ka kuma bincika yadda aka kai gare shi, ko an taɓa buɗe masa ƙofa, ko UPnP, mai ba na'ura damar buɗe wa kanta ƙofa, na kunne a wani wuri. Toshe 23 zuwa waje da dokar katanga ga kowa da kowa, wannan ba ya buƙatar Suricata.

Mamman Tasawa:
To, wannan kam ya biya kuɗin wahalarsa, ban musa ba. Amma ku lura, abin da ya kama duka biyun a fili suke tafiya, ba a kulle ba. Kuma ya yi amfani ne don Lawali ya zauna ya karanta, ya tashi ya je sito. Tambayata ita ce bayan wata uku, in aiki ya yi masa yawa, wa zai karanta? Na ga wurare da yawa da abin ke kunne shekara guda ba wanda ya buɗe shafin.

Mushe Isufu:
Wannan tambayar ita ce mai nauyi, kuma amsarta na hannun Alhaji. Lawali, ka kai masa abu biyun nan a takarda, ka nuna masa kwamfutar da akwatin da idonsa, sannan ka nemi a ware maka rabin awa kowace safiya a matsayin aiki, kafin a fara kiranka gyaran firinta. In an yi tankaɗe da kyau, gargaɗin yini bai kamata ya wuce abin da mutum zai karanta a wannan lokacin ba. In ya wuce, tankaɗen ne bai ƙare ba. Rukunin coinminer da botcc su ne na farko da za ka mayar zuwa yarwa in lokacin ya yi, don da wuya su taɓa halal.

Lawali:
Zan yi haka Mushe. Tambaya ta ƙarshe a yau: Alhaji na maganar ƙara Starlink a matsayin layi na biyu. Zai canza wani abu a tsarin?

Hadiza:
A gefen Suricata kusan babu, tunda a LAN yake, duk layin da aka bi zai gani. Abu biyu dai. A tsarinsu na yau da kullum adireshin IPv4 ɗin na tarayya ne, a bayan CGNAT, don haka VPN ɗin Alhaji ba zai shigo ta nan ba, ka bar shi a kan layin farko. Sannan suna ba da IPv6, tsarin adireshi da ya biyo bayan IPv4. In ka kunna shi, kowace na'ura a buro za ta samu adireshin da ake iya kaiwa daga waje ba NAT a tsakani, sai ka tabbata dokokin katanga sun rufe shi kamar yadda suka rufe IPv4, dokar 23 ɗin nan ma ta haɗa da shi, kuma zangon ya shiga HOME_NET. In ba ka shirya wa wannan ba tukuna, bar IPv6 a kashe har ka gama raba VLAN ɗin kyamarori.